Saye Ko Reno: Gardamar Masoya Ƙwallo A Tambuwal Da Kebbe

Duk wanda ya san garuruwan kudancin Jihar Sakkwato ya san akwai lokuta biyu a shekara da hira kan sauya launi a majalisun samari. Na farko yakan zo da damina, daga watan Yuni zuwa ƙarshen Agusta, na biyu kuwa cikin hunturu, watau watan Janairu. A waɗannan lokuta ne ake buɗe kasuwar cinikin 'yan wasan ƙwallon ƙafa a ƙasashen Turai. Da zarar an buɗe ta, to daga Tambuwal zuwa Dogon Daji, daga Jabo zuwa Sanyinna, har ka gangara Kebbe da Kuci, ba abin da za ka ji a teburin mai shayi da ƙofar gidan kallo sai wane ya kamata a saya, wane ya kamata a sallama, wane kuma an yi asarar kuɗi a kansa. Malamin makaranta da tela da ɗan kabukabu da akawun ƙaramar hukuma, kowa ya zama masanin ciniki, kowa da lissafinsa.

Masu wannan gardama sun kasu gida biyu. Kashi na farko su ne 'yan saye. A ganinsu, ƙungiyar da ke son kofi sai ta kwance bakin jaka ta sayo gwanaye, domin mai kallo bai biya kuɗinsa don ya ga yaro yana koyon taku ba. Hujjarsu ita ce Manchester City, wadda attajiran Abu Dabi suka saya a 2008, ta ci kofin Ingila a 2012 bayan ta yi shekara 44 rabonta da shi. Kashi na biyu su ne 'yan reno. Su kuwa sai su tuna maka da Chelsea, wadda ta zubar da ɗaruruwan miliyoyin fam a kakar 2022/2023, har da sama da fam miliyan 100 a kan Enzo Fernandez shi kaɗai, amma ta ƙare a matsayi na 12. Su ƙara maka da Barcelona, wadda a 2010 mutum uku da suka zo kan gaba a zaɓen gwarzon duniya, watau Messi da Iniesta da Xavi, duk 'yan renonta ne.

Ba na cikin masu ganin wannan gardama shirme ce. Samarin da suka iya auna darajar ɗan wasa da shekarunsa da tsawon yarjejeniyarsa, lalle suna da ƙwaƙwalwar da za ta yi wa ƙasa amfani. Abin da ke damuna shi ne inda ake zuba wannan basira. Kuɗin da ake gardama a kai ba namu ba ne, 'yan wasan ba 'ya'yanmu ba ne, kuma babu shugaban ƙungiya a Landan da zai taɓa jin abin da aka yanke a Kebbe. Alhali kuwa tambayar nan ta saye ko reno tana nan a ƙofar gidanmu, ta shafi kuɗin jama'ar jiha, ta shafi makomar yaran da muke gani kowace yamma suna buga tamaula babu takalmi a filin firamare. Ra'ayina shi ne jiha irin tamu ba ta da wata hanya sai reno, kuma renon da babu rubutu a cikinsa wahalar banza ce.

Kafin in kawo dalilaina, ya kamata mai karatu ya san akwai wata hanya ta uku wadda ba kasafai ake ambatonta a majalisunmu ba. A ƙasar Ostareliya akwai wani wasan ƙwallo nasu na kansu, wanda ake yi da hannu da ƙafa a kan fili mai siffar ƙwai, mutum 18 a kowane gefe. Babbar gasarsu tana da ƙungiyoyi 18, kuma jama'ar da kan taru a filin Melbourne ranar wasan ƙarshe sukan kai wajen 100,000. Masoyan wannan wasa su ma gwanayen gardama ne kamar mu, sai dai kasuwarsu dabam take. Tun daga 1986 suke da tsarin zaɓen samari bi da bi. Kowace shekara a watan Nuwamba akan jera sunayen samari 'yan shekara 18 da suka yi fice, sai ƙungiyoyi su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a gasar ita ke fara zaɓe, wadda ta ci kofi kuwa sai ta jira kowa ya ɗauka. Bugu da ƙari, an ƙayyade jimlar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, don kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye duka.

Kafin ranar zaɓen, a watan Oktoba, akan ba da 'yan kwanaki na musaya. A nan ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi. Furfure ake yi: ka ba ni ɗan wasa in ba ka ɗan wasa, ko in ba ka gurbina a layin zaɓe, na bana ko na baɗi. Saboda haka gardamar masoyansu takan kasance a kan haka: shin ya dace mu ba da gogaggen ɗan wasa mai shekara 28 don mu sami gurbi na uku mu ɗauki yaron da ba a gwada ba? Ka ga ashe gardamarmu ce ta saye ko reno, ta sake riga. Suna kuma da wata doka mai ban sha'awa, wadda ta ba ƙungiya fifiko a kan ɗan tsohon ɗan wasanta, muddin uban ya buga mata wasa 100. Tsarin ya yi musu rana wajen raba arziki. Western Bulldogs ta ci kofi a 2016, rabonta da shi tun 1954. Richmond ta ci a 2017, rabonta tun 1980. Melbourne ta ci a 2021, rabonta tun 1964.

Wanda ya ji wannan zai iya cewa mu kwaso shi ɗungurungum mu dasa a Nijeriya. Ban yarda ba, domin kayan aro ba ya rufe katara. Da farko, a gasar Ostareliya ba a korar ƙungiya zuwa rukuni na ƙasa, don haka wadda ta zo ta ƙarshe tana da sararin yin haƙuri shekara uku ko huɗu tana renon yaranta. A babbar gasarmu mai ƙungiyoyi 20, na ƙarshe faɗuwa suke yi, kuma ko Kano Pillars da girmanta ta ɗanɗana wannan a 2022 kafin ta dawo a 2023. Na biyu, tsarin yana da nasa aibin. Idan zuwa na ƙarshe yana da lada, wata rana za a sami mai son a ci shi da gangan. A 2013 hukumar gasar ta ci tarar ƙungiyar Melbourne dalar ƙasar 500,000 bayan bincike a kan yadda wasu jami'anta suka tafiyar da kakar 2009. Na uku, wasan nasu kusan a ƙasarsu kaɗai ake yin sa don neman abinci, yaro ba ya da wata kasuwa da zai gudu. Ɗan ƙwallon ƙafa kuwa duniya ce kasuwarsa. Ka tilasta masa zuwa inda ba ya so, gobe ka ji shi a Kwatano ko Alƙahira.

Amma akwai darasi guda da ya kamata mu ɗauka daga gare su. Kafin a yi zaɓe sai an san waɗanda za a zaɓa. Yaron da aka kira sunansa a watan Nuwamba an daɗe ana bin sawunsa, an san ranar haihuwarsa, an san ƙungiyar unguwar da ta fara sa masa riga, an san wasa nawa ya buga. To mu nan, wa zai iya kawo takarda guda mai ɗauke da sunayen samari 20 da suka fi iya ƙwallo a Ƙaramar Hukumar Kebbe? Sunayen suna cikin kan mutane, mai horar da su ya sani, 'yan kallo sun sani, amma abin da ke cikin kai ba ya zama shaida a gaban hukuma. Wannan gibi shi ne tushen asararmu.

Bari mu dubi abin da ya faru a gida. Ahmed Musa ya tashi a makarantar horar da 'yan ƙwallo ta GBS a Jos. Ya zo Kano Pillars yana yaro, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, abin da ya zama tarihi a gasar a lokacin. Daga nan ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan a 2010, sai CSKA Moscow a 2012, sai Leicester a 2016 a kan kuɗin da ya haura fam miliyan 16. Ya dawo Pillars a 2021, ya sake dawowa a 2024. Kazalika Shehu Abdullahi, haifaffen birnin Sakkwato, ƙasa ta san shi ne a rigar Kano Pillars, daga nan ya bi ta Kuwait da Fotugal da Saifurus da Turkiyya, ya ci lambar tagulla a wasannin Olamfik na 2016, ya je gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. Wannan ya isa ya rufe bakin mai cewa ƙasar Sakkwato ba ta haifar 'yan ƙwallo. Tana haifa. Tambayar ita ce, Shehu nawa suka tsufa a Margai da Girkau ba wanda ya rubuta sunansu?

Kano Pillars ita kanta an kafa ta ne a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyin Kano guda uku, ta ci kofin ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009. Ba a raba wannan nasara da ɗimbin ƙungiyoyin unguwanni na birnin Kano, da gasa irin ta Kofin Ramat da ake yi wa yara a can. Misali mafi kusa kuwa shi ne Remo Stars ta garin Ikenne a Jihar Ogun, wadda ta ci kofin ƙasa karo na farko a 2025. Ikenne ba babban birni ba ne, amma mai ƙungiyar ya gina makarantar reno mai suna Beyond Limits a gefenta. Idan ƙaramin gari ya iya wannan, me zai hana jiha mai ƙananan hukumomi 23?

Yanzu ga maganar kuɗi, wadda na tabbata da yawa daga cikin masu horar da yaranmu ba su taɓa jin ta ba. Tun 2001 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta kafa doka cewa duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin yarjejeniya, za a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya, kowace shekara daga 16 zuwa 23 kuwa tana da rabin kashi ɗaya. Mu ƙaddara wata ƙungiya a Tambuwal ta riƙe yaro daga shekara 12 zuwa 17. Rabonta ya zama kashi 2 cikin 100. Idan wata rana aka sayar da shi daga Beljiyam zuwa Faransa a kan yuro miliyan ɗaya, wanda ƙaramin ciniki ne a can, haƙƙinta yuro 20,000 ne, kuma idan aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasar ta sake karɓa. A watan Nuwamba na 2022 FIFA ta buɗe ofishi a birnin Faris don biyan irin waɗannan kuɗaɗe kai tsaye. Amma sharaɗin shi ne ƙungiyar ta kasance mai rajista da hukumar ƙwallo, sunan yaron kuma yana cikin kundinta a waɗannan shekaru. In babu wannan, sai a yi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Malamin da ya sayi ƙwallo da albashinsa, ya yi jinyar targaɗen yaro, ya roƙi ubansa ya bar shi ya zo fili bayan an taso daga gona, shi ne zai ga yaron a talabijin ya tashi da tafi kawai.

Rashin takarda yana cutar yaron fiye da kowa. Dokar FIFA ta hana kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, har Ahmed Musa ma sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya fara buga wa ƙungiyarsa ta Holan. Dillalan ƙarya sun san iyayen ƙauye ba su san wannan ba. Sai su zo da labarin gwaji a Turai, a sayar da sa ko a jinginar da gona a ba su, yaro ya ƙare a tashar mota a wata ƙasa ba ƙwallo ba karatu. Haka kuma batun shekaru. Nijeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, kuma tun 2009 ake gwada ƙashin wuyan hannu da na'ura don tantance shekaru. Yaron da aka yi wa takardar haihuwa tun yana goye ya fi kowa kwanciyar hankali a irin wannan wuri.

'Yan saye za su ce duk wannan dogon zance ne, su dai suna son su ga Sokoto United ta hau babban rukuni bana, filin wasa na Giginya ya cika. Nima ina so. Amma mu yi lissafi da hankali. Galibin ƙungiyoyin ƙasar nan na gwamnatocin jihohi ne, kuɗin da suke kashewa daga baitulmalin da ake biyan malamai da sayen magani yake fitowa. Ɗan wasan da aka ɗauko daga nesa a kan yarjejeniyar kaka ɗaya, aka ba shi kuɗin sa hannu, in kaka ta ƙare zai ɗauki jakarsa ya tafi, ƙungiya ba ta da sisi a kansa, baɗi a sake sabon lale. Labarin 'yan wasan da ke bin ƙungiyoyi bashin albashi kuwa ba baƙo ba ne ga mai sauraron rediyo. Ban ce kada a sayi kowa ba. Ƙungiya tana bukatar gogaggen mai tsaron gida da mutum uku ko huɗu da za su riƙe yara a ranar tsanani. Amma a sayi ginshiƙi, a yi jinka da karan gida.

Kuma ba sai mun je Ostareliya neman misalin zaɓe daga tushe ba. Ga maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar. Tun 1975 suke gasar kokowa ta neman takobi, inda kowace jiha daga cikin jihohinsu takwas kan kawo 'yan kokowa goma, waɗanda aka tace tun daga ƙauyuka. Shi ya sa idan ɗan Dosso ya kayar, duk Dosso ce ta kayar. Haka mu ma muka gada a dambe, inda kowane ɗan dambe yake da ɓangarensa da garin da ake yi masa kirari da shi. Mai kallo ya fi ba da ransa ga wanda ya san gidansu. Ranar da ɗan Kebbe ya sa rigar jiha, motocin Kebbe za su cika hanyar Sakkwato ba tare da an yi shela ba.

Saboda haka ga shawarwarina guda huɗu. Na ɗaya, kowace ƙungiyar gari ko ta unguwa ta yi rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, ta buɗe kundi mai ɗauke da sunan kowane yaro da hotonsa da ranar haihuwarsa da sa hannun mahaifinsa ko waliyyinsa. Na biyu, ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe su haɗa kai su riƙa shirya gasar 'yan ƙasa da shekara 17 kowace shekara bayan an kai amfanin gona gida, a rubuta sakamakon kowane wasa, kuma a sa sharaɗin cewa sai yaron da ke zuwa makaranta, ta boko ko ta allo, zai shiga. Na uku, ƙungiyar jiha ta ware gurabe a kowace kaka don samarin da za a zaɓo daga irin waɗannan gasa na ƙananan hukumomi 23, a yi zaɓen a fili a gaban jama'a, ba da wasiƙar wani babba ba. Na huɗu, duk yaron da aka ɗauka a yi masa yarjejeniya a rubuce ta shekara biyu ko uku, a karanta masa ita da Hausa a gaban iyayensa, a kuma rubuta rabon ƙungiyarsa ta asali idan an sayar da shi gaba. Ba a tilasta wa kowa. Wanda ya ga ya fi son Kano ko Katsina ya tafi da albarka, amma ya tafi da takardarsa.

Na san reno yana bukatar haƙuri, masu mulki kuwa sun fi son abin da za a gani kafin wa'adinsu ya cika. Na kuma san cikin yara ɗari da wuya a sami biyu da za su ci abinci da ƙwallo, shi ya sa na ɗaura maganar da makaranta, don sauran su tashi da abin yi. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Jihar da ba ta rubuta sunan ɗan shekara 12 yau ba, ba ta da bakin kuka idan ta gan shi a rigar wasu bayan shekara goma.

Daga ƙarshe, kirana ga 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata ne, domin wannan aiki namu ne kafin ya zama na gwamnati. Mu ne muka iya cika fom, mu ne muka san hanyar sakatariya, mu ne za mu iya karanta dokar FIFA mu fassara wa mai horar da yara a garinmu. Idan an yi hutu, kowa ya nemi ƙungiyar unguwarsu ya sayo mata littafi mai kauri, ya zauna ya rubuta sunayen yaran, ya raka shugabanta ofishin hukumar ƙwallo. Ɗalibin shari'a ya duba musu yarjejeniya, ɗalibin lissafin kuɗi ya tsara musu asusu. Gardamar Arsenal da Chelsea ba za ta gudu ba, tana nan tana jiranmu a wurin mai shayi da dare. Allah ya raya mana ƙannenmu, ya sa mu ga amfaninsu.